Jadawalin Baba Mai Awo

...amma ai zafi ba ya tashi sau biyu a yini guda. Nan maganar ta tsaya mata, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Tun safe take zaune gaban kwamfuta, shayin da ta haɗa ya huce har ƙuda ya ɗanɗana ya bar mata, tana kallon wani shuɗin layi da ya hau, ya sauka, ya hau, ya sauka. Tudu biyar, kwari biyar, daga yammacin Juma'a zuwa safiyar yau Litinin. Ta ƙirga da ido, ta sake ƙirgawa da yatsa a kan gilashin kamar 'yar aji ɗaya. Biyar ɗin dai. Rana kuwa sau ɗaya take ƙuna, ta sauka, sai kuma gobe. To wa ya taɓa layin nan da goman dare? Wa ya sake taɓa shi da asuba?

A hankali, Injiniya. Haka suke kiranta a nan, har ita ma ta koma kiran kanta haka. A hankali, ɗauko shi daga farko, yadda kike yi wa manhaja idan ta birkice.

Daga farko... Na'urar da kamfanin nan yake haɗawa ta jefawa cikin tankin ruwa ce, ta riƙa faɗin yawan ruwan da ya rage. A cikinta akwai 'yar ƙwaya mai jin matsi, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ruwa ya danne ta, ta faɗi lamba. Sai dai kowace ƙwaya maƙaryaciya ce, kuma kowace da irin tata ƙaryar: wata ta ƙara, wata ta rage, wata da ta ji zafi sai bakinta ya buɗe. Shi ya sa kafin ƙwaya ta iso teburinta sai ta bi ta ɗakin Baba Mai Awo, can ƙarshen baranda. Ya rufe ta cikin tukunyarsa ta ƙarfe wadda iskar waje ba ta shiga, ya sa tukunyar a akwatin zafi, ya buga famfon hannu har allurar babban ma'auninsa ta tsaya inda yake so. Matsi iri biyar, zafi iri biyar, lamba ashirin da biyar ga kowace ƙwaya. Ga abin da ta ce, ga gaskiya. Jadawali ke nan. Ita kuma nata aikin — layukan umarni da ke karɓar ɗanyar lamba, su tambayi ƙwaya zafin jikinta, su duba jadawalin Baba, su gyara. Shi ya san ƙaryar, ita ta cire ta. Shekara biyu suna haka, ba wanda ya taka wani.

Sai ta kawo sababbin ƙwayoyi. Ita ta kawo su, ba wani ba, kada yau a nemi wanda za a jingina wa. Tsofaffin suna da 'yar huda a baya, iskar waje na shiga ta siririn bututu, damshi ya bi ta nan ya kashe su. Sababbin kuwa a toshe suke ruf. Ta yi murna da su kamar ita ta haife su. Baba ya yi musu jadawali, ta jera goma sha biyu a kan benci don gwaji, babu ruwa, babu komai a kansu, iska kawai. Babu komai a kansu... Allah Sarki. Haka ta rubuta a rahoto da hannunta: tunda babu komai a kansu, dole layi ya miƙe.

Bai miƙe ba. Daga goman safe sai ya fara gangarowa, har huɗun yamma, kullum, kullum. In a tanki ne, kamar ruwa ya ragu da yatsa biyu ke nan ba wanda ya buɗe famfo. Me ke canzawa daga hantsi zuwa la'asar? Zafi mana. Me ke gyara zafi? Jadawali. Wa ya yi jadawali?

Sauƙin lissafin ma kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsargu. Ita ba ta tsargu ba, daɗi ta ji.

Kuma rabin yini kawai take gani — wannan fa? Ta taɓa tsayawa ta yi tunaninsa? Biyar na bugawa Maigadi zai sauke babban makunnin wuta, ko kana tsakiyar atishawa ne, sai dai ka ƙarasa a duhu. Tun wata gobarar da aka yi a maƙwabta ya ɗauki abin kamar wasiyya. Duk awon da ta tara, na takwas zuwa biyar ne. Mako huɗu tana leƙen duniya ta wannan 'yar kafa, ta kuma rantse ta gan ta duka. Da ƙafar Maigadi ba ta kumbura ranar Juma'a ba, da surukinsa da ya zo ya tsare masa ƙofa bai ji tsoron taɓa makunnin ba... Bawan Allah, ya ce shi bai san wanne ne wanne ba, ya bar komai a kunne. Kwana uku benci yana aiki shi kaɗai, ba kowa a kansa.

Ta gyara zama. Kujerar nan sabuwa ce, mai juyawa, kusa da taga. Mako uku ke nan da aka ba ta.

Mako ukun nan da suka wuce, ɗakin taro, fanka tana ƙara, layinta a jikin bango ya yi girman mutum. Ga layi da jadawalin Baba, a karkace. Ga shi kuma bayan gyaranta — layin umarni goma sha ɗaya, a yammaci guda ta rubuta su: in zafi ya ƙaru, ƙara kaɗan, in ya ƙara ƙaruwa, ƙara wani. Miƙaƙƙe sumul, kamar an ja da rula. Manaja kuwa a duniya ba abin da yake so kamar miƙaƙƙen layi, ko labulen ofishinsa ya karkace sai ya tashi. Har tafi ya yi. Baba yana can ƙarshen tebur, hularsa a kan gwiwa, tabarau a goshi. Tambaya ɗaya ya yi, a hankali, wai zafin ɗakin nawa yake kaiwa da rana. Ta ba shi amsa ba tare da ta juyo ba. Ba ta ko juyo ba! Sai Manaja ya ce to in manhaja za ta iya, masana'antar ƙwayoyin ma tana aiko da nata jadawalin, me ake da ɗakin awo? A rufe shi ƙarshen wata, a yi wa Baba godiya, shekara talatin da ɗaya ba wasa ba.

Ba ta ce a sallame shi ba. Ba ta ce ba. Ta dai yi shiru da aka ce, tana naɗe wayar kwamfutarta a hannu, tana naɗewa da kyau...

Yau ne ƙarshen wata.

Ƙarfe biyu da rabi. Layin na yau yana gangarowa a gabanta, yanzu, a raye, ɗigo bayan ɗigo. Da goman safe ta zauna ta zuba masa ido, ta ce in gaskiya ne zai juya — ya kai ƙololuwa, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, ya juya. Ba ta taɓa komai ba. Ba wanda ya taɓa komai.

Kuma ga ta goma sha uku. Wannan ce ta kashe bakin magana. Ranar Juma'a ta aro ƙaramin akwatin zafi daga ɗakin Baba — shi ya ɗauko mata ma, ya goge shi da tsumma kafin ya miƙo — ta sa ƙwaya ɗaya a ciki, ba tukunya, waya ta fito ta hudar murfi, ta tsayar da zafin wuri guda. Don ta cike rahoto ne, don a ga hujja ta ƙarshe: in zafi bai motsa ba, layi ba zai motsa ba. Zafin bai motsa ba. Kwana uku ko gezau. Layin kuwa tudu biyar, kwari biyar, ƙafa da ƙafa da 'yan uwansa na kan benci.

To ba zafi ba ne. To ba jadawali ba ne. To mene ne ke hawa kansu ya sauka?

Ta bincika, minti goma bai cika ba ta samu, abin kunya. Ashe sananne ne, ashe tsohon labari ne, masu jiragen ruwa na da can sun rubuta shi a littattafansu tun ba a san lantarki ba. Rana tana dumama iska can sama, sama sosai, inda tsuntsu ba ya zuwa, sai dukan iskar da ta lulluɓe duniya ta yi tangaɗi, ta yi nauyi ta yi sauƙi, sau biyu a yini, tana bin rana yamma. Goma da goma ta danno. Huɗu da huɗu ta ɗaga. Kullum. Jiya, da shekaranjiya, da ranar da aka haife ta, da ranar da aka binne mahaifinta, da ranar taron nan tana tsaye tana nuna bango...

Subhanallahi. Sama numfashi take yi.

Ta ce babu komai a kansu. A cikin kowace ƙwaya akwai wani ɗan ɗaki da aka zuƙe, aka toshe, ko iska babu, fanko na gaske, ƙanƙanin da ido ba ya gani. Da wannan babun take gwada duk abin da ya hau kanta. Abin da ya hau kanta kuwa — daga kan bencin nan, ta rufin kwano, ta hayaƙin gari, ta gajimare, har inda iska ta ƙare baƙin sarari ya fara — duk yana zaune a kan abin da bai kai wake ba. Tsofaffin masu huda ba sa ji, don iskar tana danna su gaba da baya, ta kashe kanta. Tukunyar Baba a rufe take, sama ba ta shiga. Sai waɗannan, sai a bencinta. Ita aka fara gaya wa a ginin nan, ita kuma ta ce a yi shiru.

Ta buɗe tafin hannunta a kan tebur. An ce iskar da ke kan tafi ɗaya ta kai nauyin ƙaton mutum. Ina yake? Tana jujjuya hannun, fayau, ba komai. Tun ranar da ta faɗo duniya take ɗauke da shi, a ka, a kafaɗa, a fatar ido, ba ta taɓa sauke shi ba balle ta san da shi. Matar da ke shanya a benen can na tsallaken titi, ɗauke take da shi. Mai gyaran taya a ƙasa, da karen da ke kwance a inuwar motar Manaja. Duk ana danna su tare ana sassauta musu tare, yanzu haka ana sassautawa, ba wanda ya ɗaga kai. Tana jin tsoro, tana kuma jin wani daɗi da ba ta san inda za ta ajiye shi ba, irin wanda ke sa mutum ya so ya kira wani ya ce zo ka gani. Wa za ta kira? Mutum ɗaya ne a ginin nan da zai gane girman abin, shi ne kuma wanda...

Sai ta tuno Mama tsaye a kanta, hannu jiƙe daga wanki. Ita tana 'yar shekara bakwai, zazzaɓi, tabarma a tsakar ɗaki da rana tsaka. Mama ba ta taɓa fara taɓa goshin yaro ba. Sai ta goge hannu a zani, ta ɗora a nata goshin tukuna, ta ɗan yi jim, sannan ta ɗora a naka. Ta tambaye ta dalili, ta ce hannun da ya fito daga ruwa kowa zai ji da zafi, sai ta san yadda hannun yake kafin ta san yadda kike. Mama da ba ta gama firamare ba. Ita kuwa da takardu har uku a bango, ta ɗora hannu a goshin tsoho ta ce shi ne mara lafiya.

Mama ta riga ta gaya wa duk layinsu an ƙara wa Autarta girma. Har mai kantin bakin titi ya yi mata barka, mutumin da bai san ko me take yi ba, yana ce mata mai gyaran tanki.

Ƙarfe uku saura.

Fayil ɗaya ne. Ɗaya tak, a kwamfutarta, ba a ko'ina ba. Surukin Maigadi bai san abin da ya bari a kunne ba, gobe ƙafar Maigadi za ta sace, biyar ta buga, makunni ya sauka, dare ya koma inda yake. Ga maɓallin gogewa nan a kusurwa, ɗan yatsa ɗaya... Na'ura sittin sun riga sun fita da gyaranta a cikinsu, suna can ƙasan tankunan mutane, a makarantu, a gidajen haya, suna ƙara ruwan da babu idan sun ji ɗumi. Yatsa ɗaya, yatsa biyu, a tankin da ya fi mutum tsayi. Wa zai hau da sanda ya auna? Ba wanda zai kwana da ƙishirwa saboda yatsa biyu. Ba wanda zai sani har abada. Baba ma ai ya tsufa, jikokinsa na son ganinsa, wata shekara ko badi dama zai — a'a. A'a. Ji yadda bakin yake da santsi. Haka layin umarni goma sha ɗayan nan suka zo mata, da santsi, ɗaya na jan ɗaya.

Ta kunna su a kan awon kwana ukun, don ta ga aikin hannunta ido da ido. Da rana, sumul. Da dare kuwa abin dariya: gyaran nata bai san da tudun goman dare ba, bai san da kwarin asuba ba, sai ya tsaya yana ƙari da ragi a inda ba a aike shi ba. Ba gyara ta yi ba. Ta koya wa ƙwayoyin sabuwar ƙarya ce, wadda ta dace da lokacin aikinta, takwas zuwa biyar.

Ta kashe su. Ta bar jadawalin Baba shi kaɗai. Ta buɗe duka goma sha ukun a allo ɗaya, kowace da launinta...

Layi ɗaya.

Da safe da ta fara yin haka, ta zaci sha biyun ne suka ƙi buɗewa. Ta rufe, ta sake. Ta duba sunayen fayil. Sai da ta ƙara girman zanen, ta ƙara, ta ƙara, sannan ja ya ɗan leƙo ta bayan shuɗi, kore ta bayan ja, tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Maƙaryata goma sha uku, kowace da halinta, an bi da su ta hannun mutum ɗaya, sun fito suna magana da baki ɗaya. Lamba ɗari uku da ashirin da biyar, da fensir, a takarda mai gida-gida, kowane bakwai da 'yar sandarsa a ciki. Da ya kuskure ko a ɗaya, da layi ya bauɗe, da numfashin nan ya nutse cikin hayaniya ba ta taɓa ganinsa ba. Saboda tsabar kyan aikinsa abin ya fito. Saboda kyan aikinsa aka ce aikinsa ya lalace. Ina za ta kai wannan?

Baba, kai da kake jiran allura ta daina rawa minti huɗu cur kafin ka rubuta... Kai da ba ka yarda a buɗe maka ƙofa kana awo, wai iskar baranda tana taɓa akwati... Mun sha yi maka dariya a wajen shan shayi. Ni ma na yi. Na taɓa kwaikwayon yadda kake ɗaga hannu, har Manaja ya ƙware.

Maganin ma ai ga shi a fili, shi ya fi ba ta haushi. Ƙwaya ta biyu a wajen tanki, ta riƙa jin sama ita kaɗai, a ɗebe nata daga na ta ciki, abin da ya rage shi ne ruwa. Layin umarni biyu. Amma sai ƙwayoyin biyu sun yarda da juna har kaurin gashi, in ba haka ba a ɗebe gaskiya a bar ƙarya. Jadawalin masana'anta na kowa da kowa ne, awo uku suke yi su wuce. Wa zai sa su yarda da juna? Ɗakin da za a kulle da ƙarfe biyar. Aikinsa ninkuwa ma ya kamata ya yi.

Sai ta shiga wurin Manaja ta ce — me? Ranka ya daɗe, layin nan da ka yi wa tafi... Ranka ya daɗe, na'ura sittin ɗin nan sai an bi su gida-gida... Tana ganin fuskarsa, yadda zai cire tabarau ya ninke, ya tambaya wa ya sani bayan ita. Wannan tambayar take tsoro, fiye da faɗa. Don in ya ce a bar shi tsakaninsu, a gyara a sabon zubi a yi shiru, takardar sallamar Baba an riga an sa hannu, kada a tayar da ƙura — in ya ce haka, ya ba ta mafita a faranti, anya za ta iya ƙin karɓa? Ta san kanta. Mako uku da suka wuce ba ta san kanta ba, yau ta sani, ba ta kuma ji daɗin sanin ba.

Uku da rabi. Ɗigon yana ƙara sauka.

Wai sau nawa suka haɗu a baranda tun ranar taron? Kullum shi ke fara gaisuwa. Injiniya, an tashi lafiya, ya Mama da ƙafa. Bai taɓa canza murya ba. Da ya yi fushi ma da ta samu abin riƙewa, da ya ɗaure fuska ta ce ai ga shi, girman kai ne irin na tsofaffin ma'aikata. Bai ba ta ko wannan ba. Ta dai lura ya daina fitowa shan shayi, ƙofarsa kullum a rufe, ta ce a ranta kunya ce, ko tattara kaya yake yi. Ta ji sauƙi da ba ta ganinsa. Sauƙi ta ji, a faɗi gaskiya.

Ta tashi. Ƙafafun sun yi nauyi, zaman awa bakwai. Ta cire kwamfutar daga caji, ta rungume ta a buɗe, kada layin ya yanke. Baranda. Ƙofar Manaja ce ta farko a hagu, a buɗe take rabi, yana waya yana dariya, ya ɗaga mata gira alamar ta shigo in magana ce. Nan ya kamata ta tsaya. Nan takarda take, nan ake warwarewa, awa ɗaya da 'yan mintoci suka rage... Ƙafar ta wuce. Ba ta aike ta ba, ta wuce. Ɗakin haɗa na'ura, ƙaurin dalma. Famfon wanke hannu mai ɗiga. Kwalaye uku sababbi jingine a bango, an kawo wa Baba don kayansa, ko buɗe su ba a yi ba.

Ba a buɗe ba? Yau ne fa.

Ta murɗa ƙofar a hankali, ta tura kaɗan. Hannunsa ya tashi sama, bai juyo ba — dakata. Ta daskare, rabi a ciki rabi a waje, ba dama ta shiga, ba dama ta ja ƙofar.

Ba abin da aka tattara. Komai yana inda yake, har ya ƙaru. Takardu masu gida-gida manne a bango, layi-layi, daga tsayin kai har kusan ƙasa, kowace da kwanan wata a kusurwa. Na shekaranjiya. Na makon jiya. Na washegarin taro. Lambar ƙwaya ɗaya ce a samansu duka, cikin waɗanda suka rage a hannunsa, ta bakwai, ta bakwai, ta bakwai... Sau nawa? Idonta ya kasa ƙirgawa. Mako uku. Ashe ba kaya yake tattarawa ba. Tukunya a cikin akwati, allura tana 'yar rawa, shi kuma ya sunkuya, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sabon tabarau a hancinsa, takardar shago ma ba a ɓamɓare daga gefensa ba.

Allura ta tsaya. Ya rubuta. Ya duba takardar jiya, ya duba ta yau, ya girgiza kai.

"Injiniya ce? Yi haƙuri, 'yata, na tsayar da ke." Bai ɗago ba har yanzu. "Kullum lamba ɗaya take ba ni. Na canza tabarau, ita ce dai. To na ce ko hannun ne, ko yana yin wani abu da ban sani ba. Ba na so in bar miki shi a haka. Ba ni minti goma, akwai awo ɗaya da ya rage, ina jin yau zan kama inda na kuskure."

Ya yarda shi ya kuskure. Ya Allah, yarda ya yi. Duk lissafin da ta yi tun safe, na Manaja, na na'ura sittin, na kujera, na bakin Mama — wannan bai shigo ciki ba. Ta zaci aiki ta raba shi da shi. Takarda ana yagawa, ɗaki ana buɗewa, amma wannan fa, ta ina ake mayar wa mutum? Baba, ba ka... Baba, zo ka ga... Kwamfutar tana ɗumi a ƙirjinta, ƙofar tana hannunta.

Ya kama famfon, ya fara bugawa a hankali, ɗaya, biyu. Hannun ba ya rawa. Ko kaɗan ba ya rawa. Shi kuwa ya zuba masa ido ta saman sabon tabarau, yana tsaronsa kamar ɓarawo...